Lasisi ɗaya, ƙasashe da yawa: abin da masu rediyon sha'awa na Afirka ta Yamma suka rasa

A nan Turai, mai rediyon sha'awa, wato mai magana da takwarorinsa ta na'urar aika saƙon rediyo don sha'awa ba don kasuwanci ba, da ke riƙe da cikakken lasisin Jamus yana iya saka na'urarsa a mota, ya tsallaka Faransa, ya kafa eriya, ya hau iska a ranar da ya isa. Ba ya cike takarda, ba ya zuwa ofishin kowa. Harafin F kawai zai ɗora a gaban lambar kiransa, ya bi dokokin Faransa kan zango, wato mitocin da aka yarda a yi aiki a kansu, da ƙarfin wuta. Wannan sauƙi ya samo asali ne daga yarjejeniyar T/R 61-01 da hukumomin sadarwa na Turai, wato CEPT, suka amince da ita a 1985, wadda ta shafi gajeriyar ziyara. Wanda zai tare gaba ɗaya kuma akwai shaidar jarrabawa ta HAREC, ya miƙa ta a ba shi lasisin sabuwar ƙasar ba tare da sake zama jarrabawa ba.

A gwada wannan da mai lambar kira da ke farawa da 5N daga Najeriya da zai bi hanya zuwa Gana. Zai ratsa Benin mai TY, da Togo mai 5V, kafin ya kai ƙasar 9G. Ko'ina sai ya nemi izini daban, ga jira, ga kuma jami'in iyaka da a wurinsa duk na'urar da ke aika murya oba-oba ce ta jami'an tsaro. Laifin ba na jami'in ba ne. Babu wata takardar haɗin gwiwa da aka taɓa nuna masa.

Ra'ayina shi ne tazarar ba ta kuɗi ba ce, ba ta tsadar kaya ba ce. Ta ƙungiya ce.

Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, da aka kafa a Paris ranar 18 ga Afrilu 1925, ba ta ba da lasisi, ba ta kuma raba zango. Ƙungiya ɗaya tak take karɓa daga kowace ƙasa, irin su RSGB a Birtaniya, DARC a Jamus, SARL a Afirka ta Kudu da NARS a Najeriya. Ta kasu yankuna uku, Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna yanki na ɗaya. Mai raba zango ita ce hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, da ke Geneva, a babban taron da take yi duk shekara uku zuwa huɗu, kuma gwamnatoci ne ke yanke hukunci a can. IARU tana zama, tana kawo hujja, amma ba ta da ƙuri'a. Hanyarta ɗaya ce, ƙungiyar kowace ƙasa ta shawo kan hukumar sadarwarta tun kafin wakilai su hau jirgi.

Aikin kuwa yana farawa da wuri. Taron da ya gabata shi ke tsara ajandar mai zuwa. Daga nan a kwashe shekaru ana nazarin fasaha a kwamitocin ITU, sannan ƙasashe su haɗa matsaya yanki-yanki, Turai a CEPT, nahiyar Amurka a CITEL, Afirka a ATU mai hedikwata a Nairobi. Ƙungiyar da ta farka wata ɗaya kafin taro ta makara, an riga an ɗaure matsayar ƙasarta da ta maƙwabta.

Da wannan haƙurin aka samu duk abin da ake morewa yau. A 1979 aka samu zangunan 10 da 18 da 24 megahaz. A 2003 aka cire sharaɗin iya Mos, wato aika saƙo da gajere da dogon ƙara, daga dokar duniya, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi, kuma a taron ne aka yarda gidajen rediyon gajeren zango su tashi daga 7100 zuwa 7200 kilohaz, abin da ya fara aiki a Maris 2009. A 2015 aka samu ɗan yanki daga 5351.5 zuwa 5366.5, kilohaz 15 kacal, da iyakar wat 15 a yawancin ƙasashe, kuma a matsayin ɗan haya. Bambancin mai gida da ɗan haya shi ne komai a wannan harka: ɗan haya ba shi da ikon damun mai gida, ba shi kuma da bakin kuka in mai gida ya dame shi. Shi ya sa a taron Dubai na 2023 aka sha gumi a kan zangon 1240 zuwa 1300 megahaz, inda masu sha'awa ke haya a gefen taurarin Galileo masu nuna hanya.

Afirka na da ƙasashe fiye da 50 cikin sama da 190 na ITU. Nauyi ne babba, amma sau da yawa wakilin da ke ɗauke da shi bai taɓa zama da mai rediyon sha'awa na ƙasarsa ba.

Dokar nan ta ƙungiya ɗaya a ƙasa ɗaya tana da amfani, domin hukuma ba ta son jin murya biyu masu saɓani. Amma tana da illa idan ƙungiyar ta zama suna a takarda, mutum ɗaya ya riƙe hatimi da adireshi shekara da shekaru, babu zaɓe, babu lissafin kuɗi, babu horar da matasa. Kujerar tana nan a cike, kuma ba mai aiki a kanta. Katunan shaidar tuntuɓa da ake aiko wa ƙasar su taru ba mai rabawa. Baƙi su zo su yi mako biyu da lasisin wucin gadi, duniya ta yi ta rububin kiransu, su tafi, ɗan ƙasa kuma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Turai ma ba ta tsira daga tsufan mambobi da rigimar shugabanci ba, sai dai akwai taron shekara da rahoton kuɗi da wa'adi, su ne ke hana ƙungiya mutuwa a tsaye.

Batun kutse ya fi nuna amfanin ƙungiya mai rai. Idan wata tasha marar izini ko radar mai dogon zango ta mamaye 7 ko 14 megahaz, wanda ya ji zai rubuta ainihin mitar, lokaci da agogon duniya na UTC, faɗin siginar da irinta, ya naɗi sautin. Zai miƙa wa jami'in sa ido na ƙungiyarsa, a haɗa da rahotannin wasu ƙasashe don a gano inda take fitowa. Ƙorafin da ke da ƙarfi a doka kuwa hukumar gwamnati ce kaɗai ke kai shi ga takwararta. In babu alaƙa tsakanin ƙungiya da hukuma, rahoton ya tsaya a littafin mai shi. Haka kuma cikin tashoshin gwaji 18 na gidauniyar NCDXF ta Amurka da IARU, masu zagayawa duk minti uku a 14.100 megahaz da wasu zanguna huɗu, biyu ne a doron nahiyar Afirka, ɗaya a Kenya, ɗaya a Afirka ta Kudu. Yammacin nahiyar babu ko ɗaya.

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Ƙofar T/R 61-01 a buɗe take ga ƙasashen da ba na Turai ba, Afirka ta Kudu da Amurka da Kanada da Ostireliya duk sun shiga. Hukumar ƙasa ce ke nema, ta nuna cewa jarrabawarta ta kai matsayin da ake bukata a fannin lantarki, ƙa'idojin aiki da doka. Saboda haka matakin farko shi ne manhaja rubutacciya da jarrabawa mai ranar da kowa ya sani. Na biyu, jerin masu lasisi da hukuma ke sabuntawa. Bayan haka hukumomin sadarwa na yankin, waɗanda dama suke haɗuwa a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta WATRA, za su iya amincewa da lasisin juna na ziyarar wata uku, a buga sharuɗɗan a jikin lasisin da Ingilishi da Faransanci, a aika kwafi ga kwastan da jami'an kan iyaka, tare da bayanin cewa mai shi na iya shiga da na'urarsa ya kuma fita da ita.