Agogo ba ya naɗa sarkin tseren keke

Tun watan Agustan 2025 da Matthew Richardson ya kafa tarihin duniya na gudun mita 200 a kan keke cikin daƙiƙa 8.857 a Konya ta ƙasar Turkiyya, wasu masu sharhin wasanni suka kama kiransa gwanin gwanayen gudun keke, kamar Harrie Lavreysen na Holan ya jingine kekensa. Wannan magana tana ba ni haushi ƙwarai.

Ba a hana Richardson yabonsa ba, shi ne na farko da ya sauko ƙasa da daƙiƙa 9. Amma a wane hali? An zaɓi fili a gari mai tudu, inda iska ba ta tare mai gudu sosai, an zaɓi rana, ya shiga shi kaɗai ba abokin karawa. Daƙiƙa 9.088 da ya goge kuwa, Lavreysen ya yi su ne a zagayen share fage na gasar Olamfik ta Paris a 2024, da sauran tsere masu yawa a gabansa.

Duk wanda ya taɓa kallon tseren gaba da gaba, wanda ake kira sprint, ya san ba ƙarfin cinya kaɗai ake aunawa ba. Mutum biyu ne a fili mai gangara, zagaye uku. Za ka gan su suna tafiyar hawainiya, na gaba yana waiwaye, na baya ya haye can saman gangara yana jiran ƙiftawar ido ya sulalo. Wanda ya yi gaggawa ya ƙone tun kafin layi, wanda ya yi jinkiri ya sha ƙura. A nan ne Lavreysen ya gagara. Tun 2019 ba wanda ya karɓe kambun duniya na wannan tsere daga hannunsa. Zinare biyu a Tokyo, uku a Paris, kuma wanda ya kayar a wasan ƙarshe na Paris ɗin ai Richardson ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wata biyu bayan Konya suka sake haɗuwa a gasar duniya a Santiago ta ƙasar Chile, Lavreysen ya sake kayar da shi, ya koma gida da zinare huɗu, kambunsa na duniya suka cika 20. Wannan fa mutum ne da ya fara da keken BMX, ƙaramin keken tsalle-tsalle, gocewar kafaɗa ta tilasta masa canja fage.

Masu cewa lamba ba ta ƙarya ba su fahimci wasan ba sam.

Laifin har da na UCI, hukumar tseren keke ta duniya. An rufe gasar Track Champions League bayan kaka huɗu kacal, alhali can ne waɗannan biyun ke gwabzawa mako bayan mako. Idan mutane ba sa ganin karawa sai jefi-jefi, dole su riƙe lambar agogo. A dawo da gasar, ko a kafa wata, a bar su su riƙa haɗuwa gaba da gaba kafin Olamfik ta Los Angeles a 2028.