Yadda takobin gidanmu ya yi asarar shekara 400

A gidanmu na Argungu akwai magana biyu da ba a ja da su: kifin Matan Fada ya fi na ko'ina daɗi, kuma takobin da ke rataye a turakar marigayi kakanmu na zamanin Kanta ne, wanda ya kafa daular Kabi. Baba Ƙarami, ƙanen mahaifinmu, shi ke riƙe da tarihin. A bakinsa, kakan kakannin kakanmu ne ya riƙe wa Kanta linzami a birninsa Surame, aka ba shi takobin tukuici. In an yi damina mai albarka hankali ya kwanta, labarin kan ƙaru da kawuna bakwai na mayaƙan Askiya sarkin Songhai.

Ni ban taɓa damuwa da abin ba sai da injin ban-ruwana ya mutu ana tsakiyar noman rani, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. A daren na ci karo da bidiyo a waya, wasu Turawa sun jeru a kujeru suna rububin wani tsohon takobi, kuɗi na hawa. Na yi lissafi: nasu bai kai shekara 200 ba, Kanta kuwa tun farkon ƙarni na 16 ya ɓalle daga Songhai. Kafin barci ya ɗauke ni na sayi inji biyu a raina, na yi wa uwargida alkawarin firji, na kuma fara tunanin ko ɗakin waje zai ishi amarya.

Da safe na saukar da shi. Tsatsa ta ci ruwansa, mariƙin an naɗe shi da wata baƙar fata da ta bushe ta ƙanƙame. Wa zai ba da miliyoyi a kan tsatsa? Na samo toka, lemun tsami da samfefa, na zauna bayan gida na dirje shi har ya koma yana walƙiya kamar farantin jeren amarya. Akwai wasu zane-zane marasa zurfi a jikinsa, ganyaye da ɗan rubutu kusa da mariƙi. Su ma suka bi tsatsar suka tafi. Abin da ya gagari samfefa shi ne wani tauraro mai kusurwa shida da ɗan ƙwayar tagulla a tsakiyarsa, wanda Baba Ƙarami ya daɗe yana cewa hatimin Annabi Sulaimanu ne, shi ya sa ƙarfe bai taɓa cin kowa a zuriyarmu ba. Tabon lauje da ke ƙaurinsa ba a lissafa shi.

Na fara da wani tsohon maƙeri a cikin gari, don in samu shaidar da zan kafa wa masu saye. Ya zare takobin, ya juya, ya ɗora shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne.

"Wanga ba aikinmu na ba, ɗana."

Na ce, "Baba, ai na zamanin Kanta ne, maƙeran da ba irin na yanzu ba ne."

Bai tanka ba. Ya shiga ciki ya fito da nasa gadon ya aje kusa da nawa. Takobinmu na Hausa, in ji shi, faffaɗa ne, kaifi biyu tun daga sama har ƙasa, bakinsa a zagaye, don sara aka yi shi daga kan doki. Kariyar hannunsa ɗan ƙarfe ne guda a gicciye. Mai layi uku a tsakiya shi ne tamogashi, wanda ba komai a jikinsa dunhu. Nawa kuwa siriri, kwari guda a tsakiya, rabinsa na wajen hannu ba kaifi ko na yanka tuwo, sai tsini, ga wani kwando da ya rufe hannu duka. Na suka ne.

Na nuna wasu jinjirin wata biyu masu fuska a jikin nasa, na tambaya ko su ne shekarunsa. Ya yi dariya har da tari. Ruwan takubba masu kyau, ya ce, ta hamada suke zuwa a ayarin Azbinawa, da tambarin watan a jiki, sai a yi musu mariƙi da kube a nan. Da maƙera suka ga mai wata ya fi tsada, kowa ya sassaƙa nasa tambarin. "Kakana da hannunai ya buga wanga, nan inda kake zaune." Daga baya na ji yawancin na asalin daga garin Solingen na Jamus suke fitowa. Wato ko a wancan zamanin akwai jabu, ba 'yan kasuwar waya suka fara ba.

A kayana duka kube da hamila kaɗai ya yarda namu ne, aikin dukawa, kuma ya ce fata ba ta kai ƙarfe rai, ana sake ta. "Kuben nan bai girme ka ba. Ka kai ma soja shi duba."

A zuciyata na ɗan rage farashi. In ba Kanta ba, ai akwai jihadin 1804, shi ma ba jiya ba ne.

Akwai wani tsohon samanja, kawun uwargida, a Birnin Kebbi. Matsalar ita ce yadda za a shiga motar haya da takobi mai kusan mita guda a wannan zamani da ko sanda ka riƙe sai an dube ka sau biyu. Dabara ta zo mini: na sayi rake, na sa takobin a tsakiya, na ɗaure dam, na jingina a gefen ƙafata. Muna tafe lafiya har wani shinge. Jami'in ya leƙo, ya dubi fasinja, ya dubi rake.

"Alhaji, ba za a sam mana ɗaya ba? Rana ta yi zafi."

Kafin in zaɓar masa, ya zura hannu ya kama wanda ya fi kauri ya ja. Ya yi ta ja, rake bai ƙare ba, sai walƙiya. Matar da ke kusa da ni ta saki salati ta fice ta ɗaya ƙofar, ta bar takalmi. Direba ya rantse bai taɓa ganina ba, alhali tare muka yi firamare.

Aka zaunar da ni a benci. Na ce, "Yallaɓai, kayan tarihi ne, na Kanta."

"Wane Kanta? Kira shi ya zo ya yi bayani."

Baƙo ne a jihar. Na fara ba shi tarihin Surame da ganuwarta ta duwatsu, ya ce in kayan tarihi ne me ya sa yake sheƙi haka, wa ya wasa shi, kuma don wa? Sai da aka samu Baba Samanja a waya, suka yi yaren bariki, sannan aka sallame ni da takobina. Raken ya tsaya ana bincike a kansa.

Baba Samanja na ganin mariƙin ya miƙe tsaye, ciwon gwiwa ya tafi hutu. Ya karɓa, ya ɗaga mariƙin daidai bakinsa, ya sauke tsinin ƙasa ta dama, ya ƙame. Ya ce wannan takobin hafsan sojan ƙasa na Ingila ne, samfurin 1897, irin wanda hafsoshi ke riƙewa a fareti. Ya aika aka kawo reza, ya tsaga baƙar fatar nan a hankali. Ƙarƙashinta ƙarfe ne mai huje-huje, gefensa na ciki an lanƙwasa don kada ya ci kaki, wurin riƙon fatar kifi ce da aka naɗe da siririyar waya. A tsakiyar kwandon ga kambun sarauta, ga wasu haruffa a sarƙe.

"Nan shekarunsa suke, surukina. Kowane sarkin Ingila da tambarinsa."

Na hango harafin V na yi tsalle. Biktoriya! Ta rasu a 1901, ke nan takobin yana nan lokacin da Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Kakanmu ya ƙwace shi a fagen fama. Ko da hakan ma akwai inji guda a ciki.

Ya sa tabarau. Na Biktoriya V ne da R, ya ce, na ɗanta Edwad E da R da lamba bakwai. Wannan G ne da R, ƙaramin V ɗin kuma biyar ce ta lissafin Rumawa: Sarki Joji na 5, wanda ya hau a 1910 ya rasu a 1936. Yaƙin Satiru na 1906 ma ya riga shi. Ya ƙara da cewa Argungu ba ta yaƙi Turawa ba, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila sojansu a garin suka zauna kafin su nufi Sakkwato. "To a hannun wa ya ƙwace?"

Na koma kan hatimin Annabi Sulaimanu. Ya ce alamar gwaji ce, maƙeran Ingila ke sa ta don nuna an tanƙwara ruwan an buga shi bai karye ba, kuma in tauraron ne ke burge ni, kwabo mai huji na zamanin Turawa ma yana da shi. Ya duba bayan ruwan ko akwai lamba, don kamfanin Wilkinson, masu rezar aski, sukan buga wa nasu, har a duba littafinsu a gano shekarar da sau da yawa sunan hafsan da ya saya. Babu. Ya ce ba komai, sunan wanda ya ƙera ko ya sayar yana nan kusa da mariƙi. Ya juya wajen haske. Ya shafa. Ya daɗe yana shafawa.

"Wane marar imani ya goge wannan?"

Na ce yaran yanzu sai addu'a.

Irin na Joji na 5, in ji shi, su suka fi yawa, an yi su birjik a yaƙin 1914 zuwa 1918, kuma masu tarawa sun fi son su da tsufansu da zanensu. Nawa a yadda yake yanzu, in na samu kuɗin tiyon inji in gode Allah.

Da na dawo na zayyana wa Baba Ƙarami komai, har da shekarun. Ya yi shiru yana shafa gemu. Gwaggo daga bakin murhu ta ce ita dai ta san tsoho, wato kakanmu, ya yi wa wani Bature kiwon doki yana saurayi, amma ba wanda ya juya.

"Ka ce sunan Sarkin Ingila na bisa?"

Na ce tambarinsa dai.

Ya karɓi takobin, ya rataya hamila a kafaɗa, ya fita. Bayan isha'i na biya majalisa sayen shayi, na tarar an kewaye shi, yana bayanin yadda Sarki Joji ya ji labarin jaruntakar kakanmu tun daga Landan, ya ciro takobin ƙugunsa ya aiko da shi ta jirgin ruwa, da wasiƙa. Mai shayi ya tambaye ni ko gaskiya ne ni na kai shi aka tabbatar. Na ce a zuba mini madara da yawa, a rubuta bashi.