A mayar wa lasifika ragarta, a daina dukan yara

Wallahi tun daren jiya raina a ɓace yake. Waɗanda muke tare a gidan ƙanena kun gani da idonku. Yaro ɗan shekara 3 ya sha mari har sau biyu, wai don ya sa yatsa ya lotsa ƙoƙon tuwitar sabuwar lasifikar babansa, wato ƙaramin ɓangaren da ke fitar da siririn sauti. To wa ya cire ragar da ke rufe fuskar lasifikar? Uban ne da hannunsa ya ɓalle ta ya jefa bayan kabad, saboda ya ga wani Bature a YouTube yana cewa raga tana danne sauti.

Ka ajiye abu mai sheƙi, mai kama da maɓalli, daidai tsayin idon yaro, sannan ka ce kada ya taɓa? Haba! Laifinka ne, ba na yaron ba.

Na san me za ku rubuto min. Eh, raga tana rage wani abu kaɗan. Yadin da katakon da ke kewaye da shi suna ɗan taɓa siririn sauti, desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 1 ko 2, a can saman muryar. Shi ke nan. Kunnen ɗan Adam yana ji daga haz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) 20 zuwa 20,000, amma wannan ƙarshen na ƙuruciya ne. Wanda ya haura shekara 40 da wuya ya ji abin da ya wuce 15,000. Ga fanka tana kaɗawa, ga janaretan maƙwabci, ga 'yan babur a bakin titi, ga rufin kwano. A cikin wannan hayaniyar ne za ka ce min kana jin bambancin desibel 1? Ban yarda ba.

Shi wancan Baturen ɗakinsa a rufe yake ruf, ƙura ba ta shiga. Mu kuwa a Garwa muke, a arewacin Kamaru. Daga Nuwamba har Maris hunturu yana kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Ka share tebur da safe, kafin la'asar za ka iya rubuta sunanka a kansa. Ƙurar nan tana kwanciya a kan tuwita ta manne, in ka ce za ka goge da tsumma kai ma ka lotsa ta. Kuma a bayan kowace lasifika akwai maganaɗisu mai ƙarfi, yana jawo ɓurɓushin ƙarfe. Ramin da naɗin waya yake motsi a ciki ƙanƙane ne ƙwarai. Abu kaɗan ya shiga sai ka fara jin ƙarar karce. Rana ma in tana shigowa ta taga, a hankali take cinye soson da ke gefen babbar lasifikar har ya ruɓe. Ban ma yi maganar zanzaro ba, wanda duk ramin da ya samu sai ya gina.

Saboda haka a mayar da raga. Don kariya aka yi ta, kuma kuɗinta na cikin kuɗin da ka biya. In har sai ka ji waƙa ba raga, bari yara su yi barci ka cire, ka gama ka mayar. Minti 1 bai kai ba.

Yaron nan ya kwana yana ajiyar zuciya a jikin uwarsa. Yau da safe ya ƙi shiga falon gaba ɗaya. Wannan ya fi min ciwo a kan tuwitar, don ita ana sayo wata.

Af, tunda maganar gyara ta zo: da na je kasuwa neman mai gyara, dattijo ɗaya tal na samu da ya iya sake naɗa wayar lasifika. Samarin duk sun koma gyaran wayar salula, kowa sai ya ce min in sayi sabuwa. Dattijon ya ce shekara da shekaru ba wanda ya kawo masa yaro koyon aiki. Wanda ya san wani mai wannan sana'ar a Marwa ko Ngaundare, don Allah ya sanar da ni.