Tura imel ba shi ne gama aiki ba: darasin Equifax ga shugaban fasahar bayanai

Ra'ayina shi ne, duk shugaban sashen fasahar bayanai, wanda ake kira CIO, da ba zai iya faɗa maka manhajoji nawa ke aiki a kamfaninsa da sunan wanda ke riƙe da kowacce ba, bai fara aikinsa ba tukuna.

Ku dubi Equifax, kamfanin Amurka mai tattara tarihin bashin mutane. Ranar 7 ga Maris 2017 aka fitar da faci, wato gyaran da ke toshe wata ɓarakar tsaro, a manhajar Apache Struts da ake gina shafukan intanet da ita. Ranar 9 ga wata kamfanin ya tura imel cewa a liƙa facin cikin awa 48. Umarni ya fita, amma jerin masu karɓar saƙon ya tsufa, bai kai ga wasu da ya kamata ba. Ranar 15 aka bi kwamfutocin da manhajar bincike, ba ta hango shafin shigar da ƙorafin jama'a da ke ɗauke da ɓarakar ba. Kowa ya ɗauka an gama.

Masu kutse suka shiga ta wannan ɓaraka a watan Mayu, suka yi kwana 76 suna ɗiban bayanai. Sun tarar da fayil ɗauke da sunayen shiga da kalmomin sirri a buɗe, ba a kulle ba, da shi suka tsallaka zuwa rumbunan bayanai da ba su da alaƙa da wancan shafin. Abin da ya fi ci mini rai: na'urar da aka girka don sa ido kan abin da ke fita ta makance, domin takardar shaidarta ta dijital, wadda ke ba ta damar karanta bayanan da aka kulle, ta ƙare watanni da yawa ba wanda ya sabunta. Ranar 29 ga Yuli da aka sabunta, nan take aka ga ɓarna. Bayanan mutum kusan miliyan 147 sun tafi.

Nan aikin CIO yake. Ya riƙe cikakken lissafin kowace na'ura da manhaja, da mai ita. Idan an ce a yi faci, kada a rufe zancen sai an kawo shaida daga kowace na'ura cewa sabuwar sigar manhajar ta hau. Takardun shaida su kasance cikin rajista mai tunatarwa tun saura wata guda. A raba hanyar sadarwar kamfani gida-gida, yadda wanda ya fasa ɗaki ɗaya ba zai zarce cikin sauran ba. Idan kuɗin da aka ware ba zai isa ba, ya rubuta wa hukumar gudanarwa haɗarin ɓaro-ɓaro, kada ya shafa musu mai a baki.

Sai batun amana. Yawancin mutanen nan ba su taɓa miƙa wa Equifax bayanansu da hannunsu ba, bankuna ne suka tura. Duk da haka sai ranar 7 ga Satumba aka sanar da su, kwana 40 bayan an gano kutsen. A tsakanin nan Jun Ying, CIO na wani reshen kamfanin, ya gane abin da ke faruwa, ya sayar da hannun jarinsa na kusan dala miliyan ɗaya kafin farashi ya faɗi. Kotu ta ɗaure shi wata huɗu a 2019.

A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 kacal a sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa, idan an gano kutsen da zai iya cutar da mutane. Wanda ke riƙe da lambobin BVN da NIN na jama'a ya tanadi wanda zai rubuta wannan sanarwa da wanda zai sa hannu tun yau.