Abin da ya sa Sarki Louis na 14 ya gina Fadar Versailles

Da wuya mai yawon buɗe ido ya je Faransa ya dawo bai leƙa Fadar Versailles ba, wadda ke da tazarar kimanin kilomita 20 daga birnin Paris, kuma miliyoyin mutane ne ke shigarta a kowace shekara domin kallon zinariya da madubai da lambu. A ganina, mafi yawan baƙin nan suna wucewa ne ba tare da sun fahimci cewa dabarar mulki ce ta haifar da ginin.

Asalin wurin masaukin farauta ne da Sarki Louis na 13 ya gina a 1623. Ɗansa, Louis na 14, tun yana yaro ya ga yadda manyan hakimai suka yi wa gidan sarauta tawaye tsakanin 1648 da 1653, har sai da iyalinsa suka gudu daga Paris cikin dare, kuma bai manta ba. Da ya karɓi ragamar mulki ya shiga faɗaɗa masaukin, sannan a 1682 ya mayar da fadarsa da gwamnatinsa can. Duk hakimin da ke neman muƙami ko kyauta dole ne a gan shi a fada, yana jiran a ba shi izinin halartar tashin sarki daga barci ko cin abincinsa. Wanda ya wuni yana gasar wa zai fi kusa da sarki, yana ƙarar da dukiyarsa wajen ɗinka tufafin alfarma, ina zai sami sukunin tara mayaƙa a ƙasarsa?

Zauren madubai, wanda shi ne ya fi jan hankalin jama'a, tsawonsa mita 73 ne, kuma madubai 357 ne a jikin bangonsa. A wancan zamanin birnin Venice ne ke riƙe da sirrin ƙera madubi mai inganci, saboda haka ƙera waɗannan a cikin Faransa nuni ne cewa sarki ba ya bukatar kowa. Amma alfarma tana da tsada, domin a 1689 sai da aka narkar da kayan azurfar fadar aka biya kuɗin yaƙi da su. Ruwa ma bai taɓa wadatar maɓuɓɓugan lambun ba, duk da injin da aka kafa a Marly don ɗago shi daga kogin Seine.

A watan Oktoban 1789 matan Paris, waɗanda tsadar burodi ta ishe su, suka tako har fadar suka tasa ƙeyar Louis na 16 da matarsa Marie Antoinette zuwa birni, kuma daga nan babu sarkin da ya sake zama a cikinta. Abin da ya burge ni shi ne ba a rushe ta ba. A 1837 aka mayar da ita gidan tarihi.

Mu ma zauren madubai ya shafe mu. A cikinsa aka ayyana daular Jamus a 1871, a cikinsa kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar 28 ga Yuni 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko, da ta raba Jamus da ƙasashen da ta mallaka, ciki har da Kamaru, wadda Faransa da Ingila suka raba tsakaninsu. Arewacin kason Ingila shi ne ya zaɓi haɗewa da Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wato yankin su Mubi da Gwoza da Mambila.