A bar jikokin bayi su tona da hannunsu

Jama'a akwai wani abu da ake yi a Amurka da ya daɗe yana min yawo a rai. A jihar Bajiniya akwai gandun Montpelier, gidan James Madison shugaban ƙasarsu na 4, inda bayi wajen 300 suka yi bauta tsara bayan tsara. Yanzu masu tonon kayan tarihi na wurin suna karɓar mutanen gari, malamin makaranta ne, ɗan fansho ne, ka zo ka yi sati guda ana koya maka, a ba ka ɗan cokalin magini da rariya ka durƙusa kana kankare ƙasa a hankali a inda ɗakunan bayi suke a da.

Ni dai ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Masu gidan sun bar wasiƙu da littattafan lissafi jibgi guda, bayin kuwa akasarinsu an hana su karatu, labarinsu yana cikin ƙasa, fasasshen kwano, maɓalli, ƙashin abin da aka ci, sai kuma ƙusa, ƙusa kam ba iyaka.

To ƙusar nan ita ce ta fi taɓa ni. A Monticello gandun Thomas Jefferson shugaban ƙasarsu na 3, a 1794 ya buɗe maƙerar ƙusa, yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16 ne ke tsaye gaban wuta wuni guda suna bugu, shi kuma yana auna ƙarfen da aka ba kowane yaro da ƙusar da ya fitar don ya san wa ke masa asara. Yaro fa! Cikinsu akwai Joseph Fossett wanda ya girma ya zama babban maƙerin gandun, Jefferson ya 'yanta shi a wasiyyarsa amma a 1827 aka yi gwanjon bayi 130 har da matarsa da 'ya'yansa.

Shi ya sa nake ganin duk inda ake irin wannan tono dole a jawo maƙera na gargajiya a jiki. Wanda ya saba da zugazugi da uwar maƙera da masaba, in ka miƙa masa tsatsattsiyar ƙusa zai juya ta ya gaya maka bugu nawa aka yi wa kanta, ta hannu ce ko ta inji, gwani ne ya yi ko ɗan koyo da hannunsa bai faɗa ba. Farfesa zai ba ka shekarar, amma gajiyar yaron, maƙeri ne zai gane ta.

Na san masu cewa ɗan gari zai ɓata wuri, kuma suna da hujja don ƙasar da aka tona ba ta komawa yadda take, in ba a rubuta zurfi da inda abu ya fito ba shi ke nan an yi asara. Amma maganin wannan sa ido ne da horo, kuma haka ake yi a can, ba a barin kowa shi kaɗai a rami. Su jikokin bayin ma ba su tsaya a tono ba, sai da aka kai ruwa rana kafin a 2022 suka samu kujeru daidai wa daida a hukumar da ke kula da Montpelier.

Mu ma fa muna da rinji da gandu irin na Fanisau kusa da Kano, ga tarihin narka tama a Dala, ga maƙeranmu da ransu suna aiki. Masu tono na jami'o'inmu, don Allah in za ku fita ku tafi da su.