Manoma 18 na ƙauyen Xiaogang

Duk sanda aka zo maganar yadda Chaina ta tashi sai ka ji ana ta Shenzhen, Shenzhen, garin masunta da ya koma birnin dogayen benaye bayan an mai da shi yankin kasuwanci na musamman a 1980. Gaskiya ne, amma ni a ganina labarin ya faro ne daga wani ɗan ƙauye, Xiaogang, a lardin Anhui, ƙarshen 1978.

Lokacin gona ta kowa da kowa ce, a fita aiki tare a rubuta wa mutum maki, ka yi gumi ko ka wuni jingine da fartanya rabonku kusan ɗaya, to wa zai kashe kansa? Ga kuma tabon yunwar da ta biyo bayan shirin shugaban ƙasar Mao Zedong na 1958 wadda ta ci miliyoyin rayuka, Anhui na cikin inda ta fi ɓarna, har shekaru bayan nan mutanen yankin bara suke fita in hatsi ya ƙare. Sai magidanta 18 suka haɗu a ɓoye cikin wani ɗakin ƙasa suka raba gonar gida-gida, kowa ya ba gwamnati kasonta, abin da ya saura nasa ne, suka dangwala yatsa da jan tawada a takardar yarjejeniya. Sharaɗin da suka sa shi ya fi taɓa min zuciya wallahi, wai in aka ɗaure wani ko aka kashe shi, sauran za su riƙe masa 'ya'ya har su kai shekara 18.

Girbin 1979 ya wuce abin da suka saba gani nesa ba kusa ba.

Na san za a ce ai Deng Xiaoping, jagoran Chaina na lokacin, ne ya yi komai, kuma ban raina shi ba. Wan Li, shugaban jam'iyyar Kwaminis na Anhui, shi ya fara tsaya wa manoman, Deng ya mara baya a 1980, zuwa 1984 gonakin gama-gari sun kusa zama tarihi. Amma dabarar daga ƙasa ta fito, daga masu jin yunwar, abin yabon shugabannin shi ne sun ga rumbu ya cika suka haƙura da tsohon ra'ayinsu, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da shekaru kaɗan kafin nan za a iya kama mutum kan irin wannan.

Har yau dai ƙasar ba mallakin manomi ba ce, haya ce ta dogon lokaci, a 1984 aka ce shekara 15, a 1993 aka mai da ita 30. Takardar yatsun kuwa tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Beijing.